Mai Gara Duro

Kafin Auta ya yi suna a harkar kumfa, sai da ya sha kashi a kanta, a hannuna, a gaban matan layinmu su bakwai.

Ƙanin mijina ne, autan gidansu, sunan ya bi shi har yau da furfura ta gama cinye masa kai. A lokacin watansa uku da samun aiki a kamfanin roba, inda na riga shi shiga da shekara huɗu, ina wankin kwalabe a ɗakin gwaji. Ranar hutu ce. Na baje wanki a tsakar gida, baho ya yi tozo da kumfa, ina ta dirzar fararen rigunan yayansa, maƙwabta sun zo ɗibar ruwa sun tsaya hira. Sai ga shi ya shigo da hular kwano a kai. Ranar hutu fa! Ina jin a watannin nan ko barci da ita yake yi.

Ya tsaya a kaina ya riƙe ƙugu.

"Yaya, kin san ba kumfar nan ke wanke kaya ba?"

"To wa ke wankewa? Kai?"

"Iska ce kawai ta samu rigar ruwa ta sa. Ba ta tsinana komai. Ku mata da kun ga ta tashi sai ku ce sabulu mai kyau ne."

Na ce, "Wata uku ka yi a kamfani har ka fara koya wa mata wanki. In ka shekara sai haihuwa."

Matan suka kwashe da dariya. Shi kuwa ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, da wani farin ruwa a ciki kamar madara, ya ɗiga ɗigo ɗaya tak a bahona. Ban ƙifta ido sau biyu ba tozon kumfar ya lotsa ta tsakiya, shuuu, ya kwanta, ruwa ya fito fili. Ni kaina sai da na ja baya. Wata ta ce tsafi ne, wata ta tafa. Tafin nan shi ya kashe shi. Da ya tsaya a ɗigo ɗaya da ya ci gardamar ya tafi abinsa. Amma namiji da tafi! Ya tuttule rabin kwalbar a ciki, wai don su ƙara gani da kyau.

Da rigunan suka bushe, kowace ta fito da tabon maiƙo ɗige-ɗige kamar zabuwa. Yayansa, Allah ya jiƙansa, ya dawo ya ɗaga ɗaya ya duba, ya miƙa masa. Auta ya tuɓe hular kwano ya durƙusa gaban baho. Wanki uku ya yi musu, matan na tsaye a kansa suna ba shi shawara. "Malam injiniya, ka manta wuya." "Rage sabulun mana, ai ba kumfa ke wanki ba."

Na ci gardama, amma abin bai bar ni ba. Ta yaya ɗigo ɗaya zai kwantar da baho guda? Sai da na bari hucinsa ya sauka, bayan mako biyu, na tare shi a motar ma'aikata na tambaye shi.

Ya ce, "Kowane ƙwan kumfa bango gare shi, siriri, na ruwa. Maganin kuwa mai ne, ba ya shiri da ruwa. Da ya sauka a bangon sai ya baje, ya ture ruwan gefe, wurin ya yi rauni ya fashe. Sai ya koma na kusa."

"Wato munafuki ne, mai shiga tsakanin jama'a."

"Shi ya sa ake sa shi kaɗan. Ko a layinku ai guda ɗaya ta ishe ku."

Ban tambaye shi wa yake nufi ba, don na ga ni yake kallo.

Ga wanda bai sani ba, abin da muke yi a kamfanin wani farin gari ne kamar lallausan gishiri, ana ce masa PVC. Shi wasu kamfanoni ke narkawa su yi bututun ruwa da rigar wayar lantarki da ledar nan da ake ganin abin ciki. Ana dafa shi a wata tukunyar ƙarfe da ta fi ɗakina girma, a rufe ruf. A zuba ruwa, a tura wani gas mai guba, a sa wani sinadari mai yauƙi da ke hana ƙwayoyin garin mannewa da juna, a yi ta juyawa awa da awanni. To ba duk gas ɗin ke zama gari ba. Ragowar dole a zuƙe shi a mayar ma'ajiya, don ba abin shaƙa ba ne. Nan ake yin ta. Da an sassauta matsi sai abin cikin tukunya ya taso kamar lemon kwalba da aka girgiza, ga sinadarin yauƙin nan ɗan uwan sabulu ne. Kumfa ta hau, ta ɗauko gari a ka, in ta kai bakin bututun zuƙar gas sai ta shige. Gari ya daskare a ciki, bututu ya toshe, a tsayar da aiki kwana biyu, maza su yi ta kwance notina suna zagin kumfa har iyayenta.

A saman tukunyar akwai wata tagar gilashi mai kauri, faɗinta bai fi faranti ba, da fitila a gefe. Nan Auta ya yi shekara ashirin da shida, ido a taga, hannu a kan bawul, wato makunnin maganin kumfa. In ya sa kaɗan, kumfa ta fi ƙarfinsa. In ya zarce, mu a ɗakin gwaji za mu gani: a narka garin a matse shi ya zama siririyar leda, a ɗaga ta gaban fitila, sai ga ɗige-ɗige. Ƙuraje muke ce musu. Gari mai ƙuraje kuwa masu saye dawo da shi suke yi.

Ya san kumfa kamar yadda na san surukaina. Ya ce mai manyan idanu baki ne kawai gare ta, in ka ƙyale ta da kanta za ta kwanta. Mai ƙananan idanu, mai laushi kamar auduga, wadda ke hawa shiru, ita ce muguwa. Tsabar leƙe, wuyansa ya karkace hagu har yau, in yana gaishe ka sai ka ɗauka bai yarda da kai ba ne. Matarsa ta ce ba ta isa ta ɗora madara a wuta yana gida ba, sai ya zo ya tsaya a kai yana cewa, "Saura kaɗan, saura kaɗan, sauke!" 'Ya'yansa biyar, ba wanda ya taɓa wasan hura kumfar sabulu a gabansa ya ji daɗi. Leƙa ta yake yi ya faɗi lokacin da za ta fashe, kuma sai ta fashe.

Sai kuma maganar duro, wadda ita ta sa nake wannan rubutu.

Maganin kumfa a shuɗin duro yake zuwa, ana jera su a wani sito kusa da tukunya. Kullum ƙarfe bakwai na safe Auta zai shiga siton, ya zare tiyon da ke tsotsar magani, ya toshe bakin duron, ya kwantar da shi, ya gara shi daga ƙofa zuwa bango, daga bango zuwa ƙofa, sau goma sha biyu. Sannan ya tayar da shi, ya mayar da tiyo, ya goge hannu. Ba ya fashi. In zai tafi hutu sai ya sa na madadinsa ya rantse zai gara. Ma'aikata in sun ji gurum-gurum sai su ce, "Baba ya fito wasa." Daga nan aka laƙaba masa Mai Gara Duro.

Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce tsohon da ya koya masa aiki haka yake yi.

"Shi kuma wa ya ce masa ya yi?"

"Ban tambaye shi ba."

"Da a ce tsohon rawa yake yi wa duron fa?"

"Da kin ga rawa, Yaya."

A shekarata ta ƙarshe a kamfani aka kawo mana sabon injiniya. Yaro ne mai ladabi, siriri, kullum da allon kwamfuta a hammata. Mama yake ce mini, har yana riƙe mini ƙofa, don haka na nemi ƙinsa na rasa ta inda zan fara. Ya kawo wani ɗan inji da ke auna magani ya tura tukunya da kansa, aka bar wa Auta maɓalli ɗaya, na ƙari in ya ga kumfa ta yi gardama. Auta bai damu ba, tunda an bar masa tagarsa.

Ran nan Injiniya ya ji gurum-gurum ya leƙa sito. Ya ga dattijo ya duƙa yana tura duron da ya fi ƙarti uku nauyi. Ya tambayi dalili, aka ba shi amsar da aka ba ni. Washegari aka manna takarda a ƙofar siton: an hana gara duro, saboda in ya kufce zai karya ƙafar mutum. Ni dai ban ga laifin yaron ba. Da ni ce na ga tsoho na wannan aiki da na hana shi tun tuni, ko don bayansa. Daga ranar duro ya zauna a tsaye da tiyo a ciki, ba mai taɓa shi sai ya ƙare a sa wani.

Ba a rufa mako biyu ba kumfa ta shige bututu. Auta ya ce ya danna maɓallin ƙari har yatsansa ya yi ciwo, kumfar ko gezau. Aka kwance, aka wanke, aka ci gaba. Bayan 'yan kwanaki sai ga ƙuraje a ɗakin gwaji, leda kamar fuskar ɗan shekara goma sha biyar. Aka yi shiru, sai kumfa kuma. Sai ƙuraje. Cikin wata biyu sau uku ana wannan kiɗan.

Injiniya ya duba injinsa ya ga lafiya lau, abin da aka ce ya tura shi yake turawa. Ya rage saura mutum. Ya rubuta wa Manaja cewa idon Baba ya gaji: ba ya ganin kumfa sai ta yi nisa, in ya gani kuma sai ya firgita ya zarce da magani. Magana ce mai kan gado, ko ni na ji ta zauna. Aka ba Auta takarda, ƙarshen wata zai bar tukunya ya koma sashen ɗinkin buhu.

Ba kora ba ce, kowa ya yi ta faɗa masa haka. Amma mutumin da ya yi shekara ashirin da shida kamfani guda na jiran idonsa, a ce ya je ya zauna yana ɗinke bakin buhu, kuma da sunan ya makance? Ya zo gidana da la'asar, ya zauna a dakali, na ajiye masa abinci ko kallo bai yi ba.

Na ce, "Ci mana. Ko shi ma ba ka gani?"

Bai yi dariya ba. Nan na san abin ya kai masa ƙashi. Wuya a karkace ya ce, "Yaya, waɗanne ranaku kika fi yin wankin kwalabe?"

Ai kuwa ya zo gidan amsa. Duk ranar da ƙuraje suka fito, sai masu gwaji su maimaita aiki sau huɗu sau biyar, kwalabe su taru, motar ma'aikata ta tafi ta bar ni. Ni kuma duk ranar da mota ta bar ni sai na zana mata gicciye a kalandar kicin, don in samu abin yi wa direban gori. Na ciro kalandar. Shi kuma ya kife hular kwanonsa, ashe a ciki yake rubuta ranar da ya buɗe kowane sabon duro, da biro, layi-layi. Muka jera su a kan tabarma, tsofaffi biyu, kai a haɗe, da tabarau ɗaya muna karɓa-karɓa.

Duro ɗaya kwana tara yake yi. Duk gicciyena a kwana biyun ƙarshe na duro suka faɗa. Duk ranar da bututu ya toshe kuwa, ranar buɗe sabon duro ce ko washegarinta. Ba ɗaya da ta kauce.

Ya ɗago ya ce, "To wane irin ido ne wannan, da ke makancewa ranar sabon duro, ya warke a tsakiya?"

"Tambayi duron."

"Ara mini kwalba biyu, da dogon bututun gilashin nan naku."

Washegari tun kafin a busa shiga aiki muna sito. Ni ba a gayyace ni ba, amma kwalabena ne, kuma da na zauna ban gani ba da ciwo ya kama ni. Siton zafi kamar gidan burodi, don bututun tururi ta jikin bangonsa ya bi, durorin kuma a jingine da bangon. Ya buɗe wani da ya yi wata uku a tsaye ba a taɓa ba. Ya zura gilashin har ƙasa, ya toshe bakin da babban yatsa, ya ɗago ya sake a kwalba. Abin da ya fito tsararo ne, kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Ya ɗebo na sama. Wannan kuwa da kyar ya sauko, fari fat, mai kauri kamar man shafawa.

Muka tsaya muna kallon kwalaben nan biyu. Ashe in duron ya daɗe a tsaye cikin zafi, man ne ke tasowa sama ya bar ruwa a ƙasa. Tiyo kuma daga ƙasa yake tsotsa. Kwanakin farko ruwa injin ke aunawa da gaskiyarsa yana turawa, kumfa na yi masa dariya. Kwanakin ƙarshe kuma zallar mai yake turawa, maganin kwana tara a dunƙule.

Ni har da guɗa. Shi kuwa sai na ga ya zauna a kan wani duro ya dafe kai.

"Lafiya? Ai ka fita."

"Yaya, shekara ashirin da shida ina dama magani ban san damu nake yi ba."

"To da me ka ɗauka kake yi?"

"Na ɗauka ladabi nake yi wa tsoho."

Saura kwana biyu wata ya ƙare aka zauna a ofishin Manaja. Auta ne ya roƙi zaman. Ni na shiga da tire ɗauke da kayan gwaji, na kuma ƙi fita, na laɓe wajen labule ina goge abin da ba ya bukatar gogewa. Manaja mutum ne mai ƙiba da ƙarancin magana, ya gan ni ya yi kamar bai gani ba.

Auta ya zuba ruwan tukunya a dogayen kwalabe biyu, ya girgiza su suka cika da kumfa. Ya ce wa Injiniya, "Ranka ya daɗe, kai za ka ɗiga da hannunka, tunda nawa idon an ce ya gaji." Yaron ya ɗiga na ƙasan duro a ta farko. Kumfa ta tsaya tana kallonsa. Ya ƙara, ya ƙara, har ɗigo goma, sannan ta ɗan risina. Ya ɗiga na sama a ta biyu, ɗigo ɗaya, ta zube nan take, maiƙo ya kewaye bakin ruwan kamar zobe. Sannan Auta ya ajiye hularsa a kife kusa da kalandata, ya bi ranakun da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Manaja ya duba hula, ya duba kalanda, ya ce, "Waɗannan gicciyen na mene ne?"

Na ce daga wajen labule, "Na direbanku ne, Yallaɓai. Wannan wata shari'ar ce daban."

Ya miƙa hannu ya ce Auta ya ba shi takardar canjin aiki. Ya ninke ta huɗu ya jefa a kwandon shara. Ya ce Baba ya koma tagarsa, a janye durorin daga jikin bango, a ci gaba da garawa da mutum biyu kafin a samo injin damawa.

Da Injiniya ya yi shiru a nan da ya fita da mutuncinsa cif. Amma kunnuwansa sun yi zafi, ga shi a gaban Manaja, ga tsohuwa a bayan labule. Ya ce takardar masu yin maganin ta nuna yana wata shida bai rabu ba.

Auta ya ce, "Wataƙila a ɗakinsu mai sanyi. Ba su ga sitonmu ba."

"To amma Baba, na tambaye ka dalili ranar farko. Da ka ce mini damawa kake yi, da ban hana ba."

"Ban sani ba a lokacin."

"To ka ji! Yallaɓai, ka ji da kunnenka. Mutum ya yi shekara ashirin da shida yana yin abu bai san dalilinsa ba. Wannan ba ilimi ba ne, sa'a ce. Kamfani ba ya tafiya a kan rashin sani."

Auta ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta, ya ɗora a kai, ya karkato wuyan nan nasa ya dubi yaron kamar yana leƙa taga.

"Gaskiyarka, ranka ya daɗe. Na gara ban san dalili ba, kai ma ka hana ba ka san dalili ba. Rashin sanin namu iri ɗaya ne. Nawa ne dai bai taɓa toshe bututu ba."